An Toshe Korin Garinmu, Mahaifiyata Tana Bakinsa

Zuwa ga Mai Girma Magajin Gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'ar da Allah Ya ɗora maka. Ni ne Mamman Sani, ɗan unguwar Tsohuwar Rijiya. Ina rubuto maka daga Guangzhou ta ƙasar Sin, inda na zo sarin ganyen shayi da yadin rawani. Na sa wasiƙar a jarida saboda ƙanwata Hadiza ta yi ta zarya ofishinka, kullum a ce mata ka fita.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa asalin garinmu rijiya ce da Buzaye suke shayar da raƙuma idan ayarin gishiri ya sauka. Kakana ya zo da gero daga kudu, suka ba shi wuri, ya zauna. Lokacin da fari ya kashe dabbobi, mutanen daji suka shigo suka kafa bukkoki. Aka kawo gudro, wato titin kwalta, kasuwar dabbobi ta cika, masu cuku da maƙeran azurfa suka samu ciniki. Da aka yi sulhu bayan tawaye, waɗanda suka yi gudun hijira suka dawo. Ba na ƙin wannan girma, da shi nake ci. Amma duk tsawon wannan zamani ba wanda ya taɓa aza tubali cikin kori, hanyar da ruwan duwatsu yake bi idan damina ta faɗi.

Na biyu. Bara ofishinka ya yanka filaye a cikin korin. Yanzu akwai tashar manyan motoci da ɗakunan ajiya, an zagaye su da katangar siminti. Na gani da idona kafin in taso. Ruwa ba shi da sauran mafita sai unguwarmu, mu kuwa ginin laka gare mu.

Na uku. Ruwan farko na bana, wanda bai kai a kira shi ruwa ba, ya kayar da katangar Agali maƙeri, maƙwabcinmu, ya tafi da awakinsa. Hadiza ta gaya mini ta tarhon gidan waya, tana kuka, cewa ruwan ya kai dokin ƙofarmu. Mahaifiyata, Inna Fati, ta makance, ƙafarta ma ba ta ɗaukarta. Ta ƙi tashi, wai a ɗakin nan ta haife mu.

Na huɗu. A masaukina da ke titin Huanshi, kowace rana talabijin sai ta nuna ambaliyar da ake yi a ƙasar nan. Na ga gidajen bulo ruwa ya shanye su har rufi, na ga sojoji suna goya tsofaffi. Mu wa zai goya namu? Idan hadari ya haɗu a nan, sai in kasa cin abinci. Jiya a kasuwar Baima, laoban, wato mai shago, yana gaya mini farashi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Kayana ba su gama haɗuwa ba, ba zan iso gida ba sai tsakiyar damina ta wuce.

Don haka ina roƙonka, ka sa a fasa gefen katangar simintin nan ruwa ya samu hanyarsa, ka kuma dakatar da yanka sababbin filaye a wurin. In hakan zai ɗauki lokaci, a buɗe azuzuwan lakkwal, wato makaranta, a kwashe tsofaffi da yara, tunda ana hutu. Kuma don Allah ka taka da ƙafarka ka je wurin Inna. Ba ta ji tawa ba, ba ta ji ta Hadiza ba, amma ba ta taɓa musa wa hukuma ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon sauke wannan nauyi, kada Ya sa a tambaye ka ran kowa.

Wassalam.

Mamman Sani
Guangzhou