Tirelar da Za Ta Shiga Daji

Zuwa ga Autanmu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da injinanka. Ka san waya ba ta kamawa a nan cikin gandun daji, shi ya sa na ba mai kawo mana burodi wannan takarda.

Auta, hankalina ba a kwance yake ba. Makon jiya wasu masu hular kwano suka zo da abin awo mai ƙafa uku, suka bi hanyar da masu yawon shan iska ke hawa dutse, suna kafa turaku masu jan ƙyalle. Ɗaya yana daidai inda muke ɗaure kwale-kwalenmu na haya, wani a tsakiyar filin da baƙi ke kafa tanti. Na tambayi mai gadin ƙofa, ya ce shi ma a bakin baƙi ya ji wai an ba wani kamfani izinin haƙar ma'adini. Ba cewa aka yi dajin nan na kowa ne ba? Mu da ko reshe muka karya sai an kira mu ofis.

Baban yara ya rage magana, ya rage ci. Sai ya zauna a bakin tafki yana goge filafilin da ya riga ya goge. Kai da haƙa ce sana'arka, gaya mini gaskiya: in suka fara, ruwan tafkin nan zai tsira?

Taka,
Yayarka

Yaya,

Na gaishe ki, a gaida yara, a gaida mijinki Sarkin Ruwa, a ce masa har yanzu ban yafe kifar da ni da ya yi a tafki ba.

Na so in tsaya a wasa, amma ba hali. Takardarki ta same ni muna ɗaure injin haƙa a kan tirela. Ba a faɗa mana wurin sabon aiki sai ana gab da tafiya. Jiya aka manna taswira a bangon ofis, na ga tafkin da siffarsa kamar koda, na ga gadar da ke kan hanyar shiga wurinku. Yaya, kamfaninmu ne. Ni ne a kan injin.

Kin nemi gaskiya. Ramin gwaji za a fara. In ba a sami komai ba mu toshe mu tafi. In an samu, ba na jin wata uwa za ta sake barin ɗanta ya yi iyo a wurin.

Kada ki gaya masa ni ne tukuna.

Ƙanenki

Auta,

Na amsa gaisuwa, amma da nauyin zuciya. Na gaya masa. Ba na ɓoye masa abu, ba kuma a kanka zan fara ba. Bai zage ka ba, da ma zagin ya yi. Cewa kawai ya yi, “Yaron da na koya wa tuƙa kwale-kwale.” Ya fita ya tuge turakun nan kaf, ya jibge su a ƙofar ofishin gandun.

Yanzu shi da masu yi wa baƙi jagora da wani malami mai kawo ɗalibai kallon tsuntsaye sun haɗa baki: ranar da motocinku za su shigo, a kan hanya za su zauna. Wasu lauyoyi sun kai maganar kotu, amma an ce sai wata mai zuwa za a saurare su. Na roƙe shi ya jira, ya ce in an huda ƙasa alƙali ba ya ɗinke ta.

Ka ajiye aikin nan. Na san matarka na da tsohon ciki, na san aiki ba a ƙasa ake tsintarsa ba. Duk da haka ka ajiye. Ba zan iya kallon mijina a gaban mota ƙanena a cikinta ba.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je wurin manaja na ce a cire ni daga tafiyar. Ko kai bai ɗaga ba, ya ce ba damuwa, Guguwa zai ja tirelar. Ba ki san Guguwa ba. Ba a banza muka sa masa sunan ba. Ya taɓa bi ta kan garken awaki, ya sauko yana duba fitilarsa.

Na tuna gangaren nan da ke sauka zuwa gada. Tirela da inji a bayanta ba kamar ƙaramar mota ba ce, in ka taka birki sai ta yi shawara kafin ta tsaya. Na koma na ce wa manaja na fasa, kuma a ba ni tirelar in ja, ita ce motar gaba. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya ce to.

Ki yi fushi da ni in kin so. In na tsayar da mota a gaban mijinki, kamfani zai iya sauke ni ya ɗora wani, ban san abin da zai biyo baya ba. 'Yan sanda ma za su raka mu. Abu ɗaya nake roƙo: in ba za ki iya tsare shi a gida ba, su zauna a miƙaƙƙiyar hanya inda zan hango su daga nesa. Ban da bayan kwanar nan, inda hanya ta lanƙwashe kafin gada. Litinin da safe za mu taso.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki

Auta,

Gaisuwa a gurguje, mai burodi na jira a kan babur, ya ce zai tare ku a gidan mai.

Na faɗa masa. Ya ce a miƙaƙƙiyar hanya 'yan sanda za su kwashe su tun ba ku iso ba. Sun tafi bayan kwanar, dab da gada. Su da yawa, har da mata.

Na sa masa rigar nan ruwan lemo da muke ba baƙi don kada su nutse, ko ka hango shi da wuri. Bai hana ni ba. Shi ne a gaba.

Ka fara taka birki tun daga saman gangare.

Allah ya tsare min ku.

Yayarka