Mai Gadin da Dogo Ya Bari

Assalamu alaikum Yaya Mai Gilashi,

Ina gaisuwa, ya iyali, ya ƙarin haƙurinmu? Abu ɗaya ya sa na rubuto. Tun da Dogo ya rasu ban kashe wayarsa ba, tana nan kan teburinsa kusa da kofin shayinsa. Duk Litinin sai ta yi ƙara, saƙo ya shigo: "Sannu Dogo, kan bayaninka ya yi tsawo, ka gyara." Wane marar imani ne ke aika wa mamaci aiki? Kai ne abokin aikinsa, don Allah ka tsawatar masa. Na gaji da kuka a gaban yara.

Ƙanwarka, Maman Yara

Wa alaikumus salam Maman Yara,

Allah ya jiƙan Dogo, ya ba mu haƙuri. Ba mutum ba ne, na'ura ce, mu muna ce mata mai gadi. Kin san manhajar tuna shan magani da muke yi kyauta, kowa na iya kawo gyara. Duk wanda ya kawo, sai ya rubuta masa kai a layi ɗaya, kada ya wuce harafi hamsin. In ya wuce, mai gadi ya tare ƙofa, ya riƙa aika wa mai gyaran saƙo duk Litinin. Kuma mijinki ne ya gina shi da hannunsa, don ya tsani surutu. Ni kaina ya sha dawo min da aiki yana dariya, wai na rubuta masa huɗuba.

To gyaransa na ƙarshe, daga gadon asibiti ya turo shi, kuma shi ya karya dokarsa. Ga abin da ya rubuta: "Gyara ƙararrawa ta yi kuka ko waya na shiru, don matata ta daina kwana zaune tana gadin maganina, ta gaji, ku kula min da ita."

Zan iya gajarta shi, gyaran ya wuce, saƙon ya daina zuwa. Amma in na taɓa ko harafi ɗaya, sa hannunsa zai goge, nawa ya hau. Makullin kashe mai gadi kuwa a wurinsa kaɗai yake. Shi ya sa na kasa, na kuma kasa gaya miki.

Yayanki, Mai Gilashi

Yaya,

Na karanta a tsaye a kicin, sai da na zauna a ƙasa. Mutumin da ko sannu sai ka roƙa, ashe yana gani. Shekara nawa ina masa mitar bakinsa ya fi ƙofar banki nauyi, sai ya je ya faɗa wa na'ura.

Kada ka taɓa masa. Ka ji ni ko? Ka bar shi yadda ya rubuta, ko da zai tsaya a ƙofar har abada.

Maman Yara

Ƙanwata,

Na ji, ban taɓa ba. Sai dai ba zan ɓoye miki ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta rubuto mana, tsofaffinta suna wuce lokacin magani don ƙararrawar ba ta tashinsu. Gyaran Dogo ne maganin wannan. Zan iya sake rubuta shi daga farko da sunana, amma aikinsa ne, ba zan sace masa ba. Ke zan bi.

Mai Gilashi

Yaya,

Da yana raye da ya harare ni, ya ce ana jiran magani ina riƙe da layi ɗaya. Ka gajarta shi. Na kwafe maganarsa a takarda, tana cikin aljihun rigarsa. A kai ka rubuta masa: "Gyara ƙararrawa, don matata ta huta." Na ƙirga da yatsa, bai kai hamsin ba. Ka ga ko ni na koyi dokarsa.

Maman Yara

Yaya,

Na gode, Allah ya saka. Yau Litinin. Na gama shara na zauna kusa da teburin har azahar, wayar ba ta yi ƙara ba. Wallahi ban san jiranta nake yi ba sai yau. Babu mai ce masa sannu Dogo kuma.

A gaida mutanen gida.

Maman Yara