Hannun Dodo

Litinin, 3 ga Maris

Jan Biro ya dawo mini da gwajin bugun littafina, shafin ƙarshe jajir kamar an yanka kaza a kai. Wai shi ne editan sashen yara, yaron da na girmi uwarsa. A tatsuniyar da na gada wurin Inna, dodo yana zuro hannu ta taga, yarinya ta sare shi da gatari. Shi kuwa so yake dodo ya tuba, a yafe, a ci abinci tare. "Hajiya, yaran yanzu ba a nuna musu jini." Na jefe shi da kofin shayinsa. Na kuskure, abin haushi.

Laraba, 5 ga Maris

Na wuni ina zazzage kwalayen tsofaffin littattafaina. Kafin takarda kakanni ne ke ba da labari, kuma ba sa tausasawa: a cinye, a ƙone, a jefa rijiya. Sun san abin da ke jiran yaro a waje. Da makaranta ta zo, aka liƙa wa kowane labari wa'azi a gindi. Yanzu kuwa launi ne fal, kura na goge baki da buroshi, ba mai mutuwa. Sun cire wa labari haƙora, sun bar wa duniya nata.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ta dawo gida da 'yarta, Takwara. Leɓen Auta a fashe, ido ɗaya a rufe. "Umma, ƙofa ce ta buge ni." Ƙofa mai zobe a yatsa. Takwara, 'yar shekara shida, ta laɓe a bayan uwarta. A gabanta aka yi.

Dodo ya tuba, in ji Jan Biro!

Lahadi, 9 ga Maris

Mijin ya zo ɗaukarsu. Na saƙala sarƙar ƙofa, na leƙa. "Umma, ki ba ni matata mu shirya." Na ce uwarka tana gidanku. Sai ya zuro hannu yana laluben sarƙar, zoben nan na ƙyalli. Na tattara ƙarfina na danna ƙofar ƙarfen a kai. Na sake dannawa. Na ji ƙas. Ihunsa har bakin titi, jini a ƙofa, jini a tayil. Na ji daɗi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba.

Da na juya, Takwara na tsaye a bayana, rungume da takalminta.

Talata, 11 ga Maris

In na shiga ɗaki sai Takwara ta fita. Na miƙa hannu zan gyara mata gashi, ta kare fuska. Ni! Ni da take maƙale mini kamar ƙaska.

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙa'idar kamfani ce, ba a buga littafin yara sai an karanta wa yaro an ji ta bakinsa. Na lallaɓa Takwara ta zauna, can nesa, na karanta mata da ƙarshen da nake so. Ina jiran ta yi tsalle kamar yadda nake yi ina ƙarama.

"Kaka, da ta sare hannun, wa ya ɗauke ta?"

Na ce wa?

"Yarinyar. Ai tana jin tsoro."

Na ce nan labari ya ƙare.

"Ita kaɗai aka bari da jinin?"

Sai da ta fita na tuna: duk sanda Inna ta kai wurin gatarin nan, a cinyarta nake, tafinta a bayana. Takarda ba ta da cinya. Wannan ba ya cikin ko ɗaya daga kwalayena.

Litinin, 17 ga Maris

Hannun dodo yana nan a sare. Na gaya wa Jan Biro in ya taɓa shi, nasa ne na gaba. Ban canza komai ba. Shafi ɗaya kawai na ƙara, dama akwai fili a baya: tsohuwa ta karɓi gatarin ta jingine, ta wanke wa yarinyar hannu, ta goya ta. Ya karanta ya buɗe baki, na ce rufe. Na kai masa sabon kofi, ba don komai ba.

Takwara ta bari na taje mata kai yau. Rabi.