Nasiru, Ka Dawo Ko Ba Ka Iya Riƙe Fartanya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana samun sauƙi, ina rubuto maka ne daga nan Bagwai, ni yayarka Hadiza. Na san a asibiti an karɓe wayarka, kuma na san ranar da ka ga wannan wasiƙa da na fitar kowa ya karanta za ka ce na tona maka asiri a duniya. To ka yi haƙuri, ƙanena. Abin da ya faru a tsakiyar gona da rana tsaka ba asiri ba ne.

Inna ta dawo daga dubiya ta ce likita ya ce za a iya sallamarka, kai ne ka ƙi. Wai ba za ka koma garin da yara suka gan ka a ɗaure ba. Wannan magana ta hana ni sukuni.

Ka tuna daminar da ka shiga ƙwadago? Ku samari kuna karɓar jinga, a yi ciniki da mai gona a kan aikin gaba ɗaya, wanda ya gama da wuri ya wuce wata. Kai da ko guga biyu ka ja a rijiya sai ka nemi inuwa, sai ga ka kana gama huɗar gona guda kafin azahar. Gari ya sa maka suna Tarakta. Baba yana zaune a ƙofar gida ana zuwa neman ka, bakinsa har kunne. Babu wanda ya tambayi abin da kuke jefawa a filas ɗin shayin da kuke tafiya da shi.

Daga nan barci ya ƙaurace maka. Kai mai tsokanar kowa, ka koma ko sallama aka yi sai ka zabura. Ka ce maƙwabta suna maganarka ta bayan katanga. Ka daina cin tuwon Inna, wai an zuba wani abu. Ranar da na zo da goyo ka kalli ɗana kamar ba ka taɓa ganinsa ba, alhali kai ka yi masa huɗuba. A hanyar komawa na yi kuka har mai babur ya tsaya.

Da ka faɗi kana karkarwa a gindin tsamiyar gonar Baba, kowa ya ce mutanen ɓoye ne. Aka ɗaure ka, aka yi ta ruƙiyya, aka yi ta hayaƙi, ka sha rubutu har kaka ta wuce kafin a kai ka asibiti. Inna cewa take, "Ai yarona ko sigari ba ya sha." Gaskiyarta, ba ka sha. Ƙwayar Tiramol da kuke jefawa a shayi ba ta da wari, kuma masu shan ta a garinmu ba a bakin tasha suke ba, suna gona ana sa musu albarka.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Bana Baba ya ƙi bai wa kowa jinga. Shi kaɗai yake noman da gwiwoyin nan nasa, ciyawa ta kusa cinye dawar, maƙwabta suna ta magana. Da abokanka suka zo da filas ɗinsu, ya zaunar da su a zaure ya ba su labarinka tun daga farko, bai ɓoye komai ba. Ya ce musu, "Ɗana ba lalacewa ya yi ba, ciwo ne, kuma muna tafa masa ya kamu." Biyu daga cikinsu sun tambaye ni hanyar asibitin.

Ba zan yi maka ƙarya ba, za a kalle ka. Wani ma zai faɗi abin da zai sosa maka rai. Amma zan zo da kaina in ɗauko ka, mu sauka a bakin kasuwa mu tako da ƙafa, in ga mai bakin da zai yi magana ina wurin. Ka san halina.

Ina kewarka, Nasiru. Ka dawo ko ba ka iya riƙe fartanya. Ba mai yi mana noma muke jira ba, kai muke jira.

Allah Ya mayar maka da nutsuwarka, Ya ba ka barci mai daɗi, Ya raba ka da ƙwayar nan har abada, Ya tsare sauran 'ya'yan mutane. Amin.

Taka har kullum,
Yaya Hadiza