Abin da Na Karanta a Shafi na Huɗu

Zuwa ga ɗana Gyu-cheol, baban Da-som,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da maman Da-som da ita 'yar jikar tawa. Kullum da asuba ina ɗora kwanon ruwa mai tsabta a kan babbar randar nan ta bayan gida, in roƙa muku lafiya ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Ban san ko ƙarfe nawa ba ne a Fotugal a wannan lokacin, amma ina jin roƙon zai iske ku ko kuna barci. Mu nan lafiya lau. Ruwan sama ya ɗauke, zafi ya sauko, barkono ya fara ja, har na shanya tabarma biyu a tsakar gida. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta. Ƙanwarka Yeong-ja ta zo ranar Lahadi da mijinta, ya gyara mini indararon da iska ta karya, ya ci kwano uku na shinkafa, ya ce wai ladan aikinsa ke nan. Na ga hoton Da-som da rigar sabuwar makaranta. Ta rame. Ka ce wa uwarta ta riƙa dafa mata miyar ganyen teku, ko da na can ba shi da daɗi.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna. A waya kana magana da sauri, kafin in haɗa amsa a bakina ka ce Mama sai an jima, ni kuma in ajiye wayar in zauna da maganata a ciki. A takarda ba mai katse ni. Kwana uku ina wannan rubutun da fensir. Malama Pyo, wadda ke koya mana karatu a zauren tsofaffi, ita za ta ɗauki hotonsa ta turo maka don ya iso yau. Na roƙe ta kada ta gyara ko baƙi ɗaya.

Mutumin kamfanin sola ya zo da takardun hayar gonarmu ta kan tudu, kamar yadda ka ce zai zo. Na fahimci bayanin da ka yi mini tun farko, ban manta ba. Ka ce mutanen can ba za su ba ku katin zama ba sai sun ga shaidar cewa akwai abin da ke shigo maka kowane wata ba tare da ka yi aiki ba, kuma hayar tudun ita ce shaidar. Na ce ka ɗauka, ni me zan yi da tudun da ba na iya hawa sai da sanda? Mutumin ya zauna a baranda, ya sha ruwan sha'ir, ya buɗe shafin ƙarshe ya ɗora yatsa, ya ce Iya nan kawai za ki buga hatimi, ɗanki ya riga ya duba komai. Har na ɗauko hatimin da jar tawada. Sai na ga takardar shafi shida ce, shi kuma ɗaya ya nuna mini. Na ce masa idona na ciwo yau, ya bar ta ya dawo wani mako. Ya yi dariya ya ce ai ba sai na wahalar da idon ba.

Shekara arba'in da ɗaya babanka ne idona a kan kowace takarda. Bayan ya rasu kai ka karɓe shi. Ban taɓa tambayar ɗayanku me aka rubuta ba, inda aka nuna nan nake bugawa. Amma shekara uku ke nan ina zama a kan bencin Malama Pyo, sai na ce bari in gwada ƙarfina. Na ɗauko gilashin da babanka ke duba jarida da shi, ina bin layi da yatsa. Yawancin kalmomin sun fi ƙarfina, na tsallake su. Rana ta biyar na iso shafi na huɗu, na ga wata kalma da na sani sarai, domin ranar da aka ce a aji kowacce ta rubuta inda mijinta yake, ita na rubuta. Kabari. An ce kabarin da ke cikin filin, wato na babanka, mai fili zai ɗauke shi kafin a fara aiki.

Na ce ƙila ni ce na karanta ba daidai ba. Na kai wa Malama, na rufe sauran shafin da tafin hannuna, na bar mata layin kaɗai. Ta karanta, ta ce daidai na karanta. Ban taɓa jin baƙin cikin cin jarrabawa ba sai ranar. A gefen shafin akwai sa hannunka, da kwanan wata na bara lokacin bikin kaka. A makon bikin ne ka zo ka yanke ciyawar kabarin da hannunka, ka zuba masa giyar shinkafa, ka durƙusa sau biyu, muka sauko tare kana riƙe da hannuna. Ka sani tun ranar, Gyu-cheol. Ba ka faɗa mini ba, ba ka faɗa masa ba.

Baffanka Man-bok ya ji, ban san a bakin wa ba. Ya shigo ko takalmi bai gama cirewa ba, yana cewa matar Yaya, ashe ɗan birni zai tashi ubansa daga gida kamar ɗan haya don shi ya je ya sha iskar teku? Ya rantse zai kwanta a gaban motar haƙa, sai dai a bi ta kansa. Matarsa da ta biyo shi ta ce masa ya fara iya hawa tudun tukuna, mutumin da shekara uku bai kai wa yayansa ko kofi ɗaya ba, yau shi ne mai gadin kabari. Ya ce ta yi masa shiru, tsohuwar rediyo. Na yi dariya ba don ina so ba. Da na tambaye shi ko zai tsaya a madadinka in an zo tonon, sai ya ce shi ba ruwansa, mai ɗa namiji a raye ba a nema masa ɗan aro. Yeong-ja da ke zaune tare da mu ta ce ita za ta yi, ya ce ita ta zama ta wani gida tun ranar aurenta. Ta fita tana kuka.

Ka san yadda ake yi. Ba a taɓa kabari sai babban ɗa ya tsaya ya zuba giya, ya gaya wa mamacin dalili, sannan ya sari tudun kabarin sau uku yana kira da ƙarfi cewa za a buɗe, don kada mamacin ya firgita. Kuma ka san babanka. Tun da injin casa ya kashe masa kunnen hagu ba ya son a zo masa ta baya ba sallama, har kwano ya taɓa jefar ka da shi kana ƙarami. Wannan mutumin ne kake so baƙi su zo masa da motar haƙa ba wanda ya ce masa komai?

Ban rubuto don in ce ka dawo ba. Ka gaya mini in ka baro ƙasar kafin ranar ganawarku da ofishin katin zama, komai zai iya rushewa, na kuma san ka sayar da gidanku na Seoul, ba inda za ku koma. Na ga yadda aikin nan ya mayar da kai kafin ku tafi. Ba na son ka koma haka. Ba na son a cire Da-som daga makaranta karo na biyu. Duk wannan na auna shi ina tsinkar barkono, wani lokaci sai in ga na cika kwando da ɗanye ban sani ba.

Ga abin da na yanke. Muna cikin watan ƙari na kalandarmu ta gargajiya, watan da ake taɓa kabari ba abin da zai biyo baya, kuma yau sha ɗaya gare shi. In ya fita, sai nan da kusan shekara uku, kai kuma ganawarka wata mai zuwa ce. Na yi magana da masu tono, sun ba ni ashirin da biyu ga wata. Na samo wa babanka wuri a gefen iyayensa, yana fuskantar kudu, ya fi na yanzu rana. Ni zan riƙe shebur in yi saran nan uku, Baffanka ya faɗi abin da zai faɗa. Amma bayanin ba nawa ba ne, ba zan yi maka shi ba. Ka zauna ka rubuta wa babanka takarda da hannunka, ba da na'ura ba. Ka gaya masa inda ka tafi, da abin da ya kore ka, da dalilin da ya sa za a tashe shi, da dalilin da ya sa ka yi shiru bara kana durƙushe a gabansa. Ka turo hotonta ta wayar Malama. Zan tsaya ta wajen kunnensa na dama in karanta masa da bakina. Muna saukowa daga tudun zan buga hatimin a ranar, mutumin kamfani ya zo ya ɗauki takardarsa.

In ba ta iso ba zuwa yammacin ashirin da ɗaya, zan sallami masu tono. Hatimin yana cikin randar shinkafa, can ƙasa, kuma nan zai ci gaba da zama. Na san abin da wannan zai jawo muku, kuma tun da na haife ka ban taɓa hana ka abu ba. Kada ka sa in fara yanzu. Kada kuma ka kira ni don ka lallashe ni, in na ji muryarka zan iya karaya, shi ya sa na ba Yeong-ja wayata ta tafi da ita.

Ka gaida maman Da-som, ka ce mata ban ɗora mata laifin komai ba, kuma garin barkononta na nan zan aiko in ya bushe. Ka shafa mini kan Da-som. Yeong-ja da mijinta suna gaishe ku. Matar Baffanka ma ta ce a gaishe ku, shi kuwa bai ce ba, ba zan yi masa ƙarya ba.

In za ka rubuta, ka yi manyan baƙaƙe, ka bar fili tsakanin layi, ka zaɓi kalmomi masu sauƙi don kada in yi ta tuntuɓe a gaban babanka. Bai taɓa jin ina karatu ba.

Ni ce mahaifiyarka,
Bang Mal-sun