Mu Tara, Takalmin Mutum Goma

Waziriyya, Jidda
Maris 2004

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji daga ƙaninki Filibus, direban da babu kamarsa daga Jidda har Madina. Ya Fasto da yara? Na ba Hajiya Zubaidatu me turare wasiƙar nan hannu da hannu, ita bata buɗe kayan mutane.

Kinsan mu goma ne ke sujada a ɓoye a ɗakin Malam Iliya, ran Juma'a lokacin kowa na masallaci. To an naɗa ni Sarkin Takalma! Ni ke kwashe takalman mutane in zuba a buhun shinkafa in shigo dasu ciki, dan kada maƙwabta su ga tarinsu a ƙofa su kira ƴan sanda. In ƙirga a shiga, in ƙirga a fita.

Rigimar nan ta cocin Turawa kan maza masu neman maza ta iso mana ta rediyo. Malam Iliya ya buɗe labarin Saduma yace ga wuta nan. Se Isha'aku tela, wanda shi ya shigo mana da Littafi Me Tsarki guda ɗaya tal cikin ɗinkin matashi, yace Malam a duba Ezekiyel ma, can ance laifinsu ƙoshi ne da girman kai da hana matalauci. Malam yace littafin Romawa fa? Akayi ta yi. Ni kuma kinsan bakina. Nace Isha'aku, shekara arba'in ba mata, ko Saduma ce garinku? Kowa ya fashe da dariya banda shi. Malam ya tambaye shi ido da ido, be musa ba. Akace shikenan, kada ya dawo se ya tuba.

Yace Filibus bani takalmina. Na zauna kan buhun nace Sarki baya kwance buhu se anyi addu'ar rufewa. Ya kalle ni, ya fita haka nan ba takalmi, kwalta tana tafasa. Ko Littafin be ɗauka ba.

Na jefa takalman nasa a bola. Abin dariya Yaya, Juma'ar da ta biyo baya mu tara ne, na zazzage buhu, takalmin mutum goma. Wani ne ke min wasa, zan kama shi.

Naki har kullum,
Filibus Sarkin Takalma

Wusasa
Afrilu 2004

Ƙanina Filibus,

Alheri da salama. Duk muna lafiya. Na karanta wa Fasto wasiƙarka. Ya ce Malam Iliya bai yi kuskure a kan Romawa ba, ni ma haka na gani. Amma ban ga abin dariya ba. Isha'aku ya ɗinka maka rigar baftisma. Mamarsa tana tare ni a kasuwa kowane mako tana tambaya ko ka gan shi. Ka kai masa takalminsa, ka ba shi haƙuri.

Yayarka,
Rifkatu

Waziriyya
Mayu 2004

Yaya, ina gaisuwa.

Naje unguwarsu Mahjar da takalman a leda. Shagonsa a kulle. Maƙwabcinsa Oumarou, wani ɗan Cadi me walda, yace kai ɗan'uwansa ne? Ai ya mutu. Asabar suka same shi zaune a kan keken ɗinki, tafin ƙafarsa duk ya kumbura ya fashe. Wace Asabar? Washegarin ranar nan, Yaya.

Yana firijin asibiti wata biyu, ba wanda yazo. Ance in ba me shi za a binne shi a matsayin wanda ba a sani ba. Malam Iliya yace kada kowa yaje, za a bi sawu a kama mu duka. Ni kuma iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, sunan Muntaka ne a kai, Musulmi. In na buɗe baki nace shi Kirista ne ina da shaida, nawa ya ƙare.

Na kai takalman bakin teku na ɗaura musu dutse, ni da hannuna, jarumin Jidda. Juma'a na zazzage buhu, ga su. A bushe. Na taɓa su da ɗumi, kamar yanzu aka cire. Malam ya ga su yayi kamar be gani ba. Wannan satin ba a cikin buhu na same su ba. A gefena suke, inda yake zama, bakinsu na kallon ƙofa.

Ki tambayi Fasto wace aya ce ta wannan.

Filibus

Wusasa
Yuni 2004

Filibus,

Salama. Kwana uku muna gardama da Fasto. Bai sauya ra'ayi ba, ni kuma ban san inda na tsaya ba yanzu. Amma mun duba daga farko har ƙarshe, ba mu ga inda aka ce a bar gawar ɗan'uwa ba. Ba zan ce ka je ba, don na san abin da zai same ka. Ban gaya wa mamarsa komai ba tukuna.

Allah ya tsare ka,
Rifkatu

Gidan tarhil, Jidda
Yuli 2004

Yaya, gaisuwa me yawa.

Ki shirya tuwo, ƙaninki na zuwa a jirgi kamar minista, har da ƴan rakiya!

Naje asibitin. Nace musu Isha'aku Masihi ne, wato Kirista, ni ma haka, mu biyu ne kawai muke addu'a. Ban faɗi sunan kowa ba. Sun bari an binne shi a maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba kafin su kawo ni nan inda ake tara ƴan kora. Na sa masa takalmansa a cikin ramin, na ga ƙasa ta rufe su.

Nawa takalman sun ɓata a motar kamu, kwana shida ina yawo ba komai a ƙafa. Yau da hantsi na dawo daga layin abinci, se ga nasa a kan tabarmata. Da ɗuminsu.

Na saka. Sun min daidai.

In na sauka ki raka ni wajen mamarsa, ni zan faɗa mata.

Naki,
Filibus