Furen da Ya Ƙi Tsirowa Ya Sa An Hana Ni Taɓa Iri

Adda Mairama, don Allah ki taimake ni, ban da wanda za ni gaya wa. Ni dattijuwa ce a wani ƙauye kusa da Unguwar Lalle. Bara na je jinya garin Isa, na ga furanni ja da rawaya a tsakar gidan wata baiwar Allah, ta ba ni irinsu a ƙullin tsumma. Ban taɓa shuka abin ado ba. Na yi musu yadda muke yi wa gero: na sara rami bayan ɗakina, na zuba, na take da diddige. Ruwan alwalata kawai nake tara musu a kasko, don rijiyarmu ta ƙafe, kuma ina tsoron almubazzaranci. Ko ɗaya bai fito ba.

Bana anka yi ruwa sau ɗaya, munka yi shuka, sama ta ɗauke, iri ya mutu a ƙasa. Sai Rahmatu, matar yayan mijina, ta tara mata ta tone wurin furen nan gabansu, tana cewa ƙasa ba ta karɓar abin da ya fito hannuna, ni na ƙone gandu. Ran roƙon ruwa mata sunka janye tabarminsu daga tawa. Jikar gidan da na goya, an hana ta cin tuwona. Yaya Attahiru, mijin Rahmatu, ya ce ko ruwa ya dawo kada in taka gona, kada in taɓa iri. Malam, mijina, yana wurin, bai kare ni ba. Da munka shiga ɗaki ya ce in ƙone sauran irin furen, in ba mutanen gida haƙuri.

Na yi karatun allo, na san ruwa na Allah ne. Amma wallahi har na fara duban tafin hannuna. In ƙone, in roƙe su?

Mai Neman Mafita, Sabon Birni

Yar'uwa, hannunki lafiya lau yake. Binne irin kika yi da rai. Gero na da ƙarfin fasa ƙasa daga zurfin rami, irin fure ba shi da shi, ga diddige kuma kin danne shi.

Ki sami tsohuwar tukunya mai huji a gindi. Ki haɗa yashi da busasshen takin awaki da ya daɗe, ki jiƙa. Ki barbaɗa irin a sama, ki rufe da ƙasa ƙanƙanuwa, kaurin farce. Ki ajiye a inuwa inda akuya ba ta kaiwa, ki riƙa yayyafi da yatsu safe da yamma. Ruwan alwalarki ya isa, ba ki ci haƙƙin kowa ba. Ki jefa ƙwayar gero kaɗan a gefe cikin tukunyar, don a ga gero ma na tsira daga hannunki, ki aje tukunyar inda mai wucewa zai gani.

Mutanenki yunwa suke hange, kuma mai tsoro yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi, sai ya zaɓi wadda ba ta ramawa. Wannan dalili ne, ba uzuri ba ne. Camfi ne, kuma zalunci ne. Gonakin garin Kamarawa ma sun ƙone, ba ki taka su ba.

Kada ki ba da haƙuri kan laifin da ba ki yi ba. In kin roƙa, kin amsa sunan ke nan, kuma duk shekarar da ruwa ya yi gardama ke za a nema. Ki sa malamin da Attahiru ke jin nauyinsa ya yi musu magana, mijinki na zaune.

Ba za ni ruɗe ki ba: ko tukunyar ta cika da tsiro, Rahmatu na iya cewa ba ta gani ba. Ki shuka duk da haka, don ke ki gani da idonki. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sanyaya miki zuciya.